Rajistar Inuwa: Yadda Za A Ƙidaya Itatuwa Da Filayen Gari A Sami Lissafin Gaskiya

Duk wanda ya sauka daga mota a Bulkachuwa da azahar a watan Afrilu, a kan babbar hanyar nan ta Azare zuwa Potiskum, abin da idonsa zai fara nema shi ne inuwa. Zafin yankin Katagum a wannan lokaci kan haura digiri 40. Mai faci da mai rake da ɗan acaɓa da tsohon da ke jiran la'asar, kowa ya san gindin itacen da yake fakewa. Amma a tambayi itatuwa nawa ne a garin, nawa aka sare bara, nawa suka rayu cikin waɗanda aka dasa da daminar bara waccan, filin da yara ke buga ƙwallo kuma sunan wa ke kan takardarsa, da wuya a sami mutum biyu da bakinsu zai zo ɗaya. Haka abin yake a Azare da Misau da yawancin garuruwanmu.

Ba don an rasa shirye-shirye ba ne. Bauchi na cikin jihohi 11 da Najeriya ta sa a aikin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya, na dala miliyan 700, da ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja. Akwai ma'aikatar jiha, da sashen gona na ƙaramar hukuma, da ƙungiyoyin matasa masu raba dashe duk damina. Kowannensu zai zo gari ya nemi alƙaluma, kuma da abin da aka miƙa masa zai yanke shawarar inda za a dasa da inda za a tsallake. Idan alƙaluman gurɓatattu ne, unguwar da ta fi ƙuna ita za a tsallake. Wannan jagora don wanda zai ɗauki littafi da biro ya gyara wannan ne: malamin daji, malamin makaranta da ɗalibansa, ko ƙungiyar ci gaban gari. Ni ina kiran abin da za a haɗa rajistar inuwa, domin da inuwa mutanenmu suka san amfanin itace kafin komai.

Darasin Maraɗi

Kafin a fita, ya kamata a san abin da ya faru da maƙwabtanmu. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirrai da manoma ke sassabewa duk shekara ba ciyayi ba ne, tohon kututturen manyan itatuwa ne masu saiwa a raye. Aka fara barin toho ɗaya ko biyu masu ƙarfi, ana datse sauran. Manoma suka raɗa wa abin suna sassabin zamani, ya yaɗu daga gona zuwa gona. Sai bayan kusan shekara ashirin masu bincike irin su Gray Tappan da Chris Reij suka gwada hotunan sama na 1975 da sababbi, suka taka ƙasa suka duba, suka tarar abin ya kai wajen hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, galibi a Maraɗi da Damagaram.

Yaya aka yi itatuwa miliyan 200 suka ɓuya wa masu lissafi? Ba wanda ya dasa su, don haka ba su shiga littafin dashe ba. A gona suke, don haka ba su shiga lissafin daji ba, tunda ma'anar daji a wajen Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ita ce fili da ya wuce rabin hekta, mai itatuwan da suka haura mita 5, wanda rassa suka rufe fiye da kashi 10 cikin ɗari nasa, kuma ba gona ba ne, ba cikin gari ba. Ma'anar nan ba ta da laifi a inda aka yi ta dominsa. Amma wanda ya ɗauko ta ya auna Bulkachuwa da ita zai rubuta cewa babu komai, alhali yana zaune a gindin tsamiya.

Saboda haka aikin farko zama ne, ba fita ba. A zauna a rubuta a shafi ɗaya abin da za a ƙidaya da abin da za a bari, kowa ya riƙe kwafinsa. Shawarata a raba abin gida uku. Na farko itatuwa ɗaiɗaiku: na bakin titi, na kasuwa da tasha, na ƙofar gida, na harabar masallaci. Na biyu filayen jama'a ko da babu ganye ko ɗaya a kansu: filin idi, filin ƙwallo, dandali, maƙabarta, harabar makaranta da ta asibiti, bakin kududdufi, burtalin da ya ratsa gefen gari. Kada a raina filin da yake fayau, domin shi ne wurin dashen gobe, kuma shi ake fara yankawa. Na uku itatuwan cikin gidaje. A kuma tsayar da iyaka tsakanin itace da dashe: duk abin da ya wuce tsayin mutum har akuya ba ta iya kai wa kansa, a rubuta shi itace, wanda bai kai ba, a sa shi a shafin dashe. Iyakar da aka zaɓa ba ita ce abin damuwa ba. Abin da ke ɓata lissafi shi ne wannan rukuni ya ƙirga ƙananan dashe, wancan ya tsallake su, a haɗa a ce unguwar farko ta fi itatuwa.

Iyakar gari ma a shata ta tun farko. Mazaɓar da ake kira Bulkachuwa da Dagaro ta haɗa da ƙauyuka da gonaki, ba ita ce garin Bulkachuwa ba. Idan bana aka ƙirga har gonakin bayan gari, baɗi aka tsaya a gidajen ƙarshe, za a ga kamar an yi asarar itatuwa ɗaruruwa, alhali ko reshe ba a taɓa ba.

Da ɗan gari akan ci gari

Kada kowa ya ɗaura wa itace tef kafin a je gaisuwa wurin hakimi da dagaci da masu unguwanni, a kuma roƙi limamai su yi sanarwa. Mutanenmu ba su manta zamanin haraji da jangali ba, lokacin da zuwan mai littafi ke nufin biya. Yau kuma baƙon da ke zagaya fili yana danna waya, zaton farko da za a yi masa shi ne gwamnati za ta karɓe wurin ko za a yanka fulotai. Mai irin wannan zato ba zai faɗi gaskiya ba: filin jama'a zai ce na gado ne, itacen da ya sare zai ce iska ce ta kayar. A bayyana wa jama'a abin da za a rubuta da inda littafin zai zauna, kuma kowane rukuni ya fita da wakilin mai unguwa.

Akwai wani giɓi da na fi jin tsoro fiye da kowanne, kuma ban cika ganin ana kula da shi ba. Idan samari kaɗai aka tura, iyakarsu zaure. Duk mangwaro da gwaiba da zogale da lemon tsami da darbejiyar tsakar gida ba za su shiga littafi ba, alhali a ƙarƙashinsu ake daka da wanki da rainon yara, kuma ga matan da ba su cika fita ba wannan ce inuwar da suke da ita. Rajistar da babu su rajistar inuwar maza ce kawai. Dole a sa mata cikin masu ƙidaya, malaman makarantar boko ko na Islamiyya ko ma'aikatan lafiya da gidaje suka saba da su. Su nemi izini, su rubuta irin itacen da adadinsa da lambar gidan, ba tare da sunan kowa ko hoton kowa ba. Gidan da aka hana shiga a rubuta "ba a shiga ba", kada a rubuta sifili. Sifili na nufin an duba babu. Gurbin da aka bari fanko kuwa ba wanda zai san ma'anarsa bayan wata shida, har shi wanda ya bar shi.

Suna, lamba, awo

Itace ɗaya, sunaye huɗu: darbejiya, dogonyaro, maina, bedi. Baƙo ne daga ƙasar Indiya, ya shigo Najeriya ta Borno wajen 1928, kowace nahiya kuma ta ba shi nata sunan. Idan masu ƙidaya huɗu suka rubuta shi kowa da sunan garinsu, kwamfuta za ta ce iri huɗu ne, rahoto ya fito yana yabon garin da yawan nau'in itatuwa, alhali gaskiyar da ya kamata ta fito ita ce iri ɗaya ya mamaye tituna, ranar da cuta ta kama shi kuma an shiga uku. Haka ɗorawa da dorawa da ɗorowa, haka ceɗiya da cediya, domin ba kowace waya ke rubuta haruffa masu lanƙwasa ba. Sunan garin kansa wani zai rubuta Bulkachuwa, wani Bulkacuwa, kamar Chinade da Cinade. Maganin abu ne mai sauƙi: a tsara jerin sunaye guda, a ba kowane iri lamba, kuka 1, tsamiya 2, gawo 3, har ƙarshe, mai ƙidaya ya zaɓa daga jerin. Wanda bai gane ba ya ɗauki hoton ganye da ɓawo, a kai wa tsofaffin manoma ko masu maganin gargajiya. Sun fi kowace manhaja sanin bambancin ɓaure da durumi da gamji.

Kowane itacen waje a ba shi lambarsa ta dindindin, wadda ta ƙunshi lambar unguwa da tasa, a rubuta da fenti a jikinsa ta gefe guda, misali gefen gabas, don mai dubawa ya san inda zai nema. Kada a buga ƙusa. Lambar da aka ba wani itace ba a sake ba wa wani ko da ya mutu.

Kauri ana auna shi ne a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, wato daidai ƙirjin babban mutum. Amma ƙirjin dogo da na gajere ba ɗaya ba ne, don haka a yanko sanda mai wannan tsayin a ba kowane rukuni. A zagaya itacen da tef, a rubuta kewayen da santimita. Tef ɗin tela ya isa ga ƙanana. Manya a zagaya su da igiyar da ba ta miƙewa, sannan a auna igiyar. Mai son faɗin gangar sai ya raba kewayen da 3.14: kewayen santimita 157 na nufin faɗin santimita 50. A littafin fita dai kewaye kaɗai za a rubuta, a bar rabawa sai an koma gida, domin idan wani ya rubuta kewaye wani ya rubuta faɗi a layi ɗaya, babu mai iya warware su daga baya. Itacen da ya rabu biyu tun daga ƙasa a auna kowace ganga, amma lambarsa ɗaya. Kuka kuwa tana da nata hali: tana ajiye ruwa a jikinta, tana kumbura tana ramewa da yanayi, don haka kada a ce ta girma ko ta lalace saboda bambancin 'yan santimitoci.

Abin da ya fi kauri muhimmanci a wajenmu shi ne faɗin inuwa. A tsaya ƙarƙashin ƙarshen rassa ta gabas a auna zuwa ƙarshensu ta yamma, a maimaita kudu da arewa, a ɗauki tsakaici. A ce an sami mita 10 da mita 8, tsakaicin 9 ke nan, rabinsa 4.5. A ninka 4.5 da kansa, a ninka da 3.14, a sami kimanin murabba'in mita 64. Wannan lissafi shi ke nuna cewa sare tsohuwar tsamiya ɗaya a dasa ƙanana goma a madadinta ba ramuwa ba ce, ko da a takarda an ci ribar tara. A ƙara da halin da itacen ke ciki da kalmomin da aka yarda da su tun farko: lafiya lau, an datse rassa, gara ta kama, an ɓare ɓawo, ya bushe. Sai tambaya ta ƙarshe ga mai unguwa: wa ke da iko da shi? A ƙasar Hausa mai fili daban, mai itace daban, ba baƙon abu ba ne, musamman kuka da ɗorawa da tsamiya da ake gado.

Waya da tauraron ɗan'adam

Wayar hannu na nuna wuri da kuskuren kamar mita 5 a sarari, ƙarƙashin rassa masu duhu ko jikin gini kuma ya fi haka. A jerin darbejiyar bakin titi, wannan ya isa ya sa a ɗauki wannan a matsayin waccan; shi ya sa fenti ya fi waya amana. A tsaya kusan minti ɗaya lambobin wurin su natsu kafin a ɗauka. A rubuta lambobi biyar bayan ɗigo, domin wanda ya tsaya a uku ya yarda da kuskuren fiye da mita ɗari. Yankinmu yana wajen digiri 11 da ɗoriya arewa, digiri 10 da ɗoriya gabas, kuma da yake lambobin biyu sun yi kusa, musanya su ba wuya. Wanda ya musanya zai ga itacensa ya tashi daga Katagum ya faɗa can kudu maso gabas, wajen ƙasar Gombe. Manhajoji irin su KoboToolbox da ODK kyauta ne, suna aiki ba intanet, suna kuma hana a tsallake tambaya. Duk da haka a riƙe littafin takarda, saboda caji da faɗuwar waya. A kula da kwanan wata: wasu kwamfutoci na bin tsarin Amurka, suna sa wata kafin rana, sai 4 ga Mayu ta koma 5 ga Afrilu. A rubuta sunan watan da haruffa a huta.

Hoton tauraron ɗan'adam taimako ne babba, amma a san iyakarsa. Hoton Landsat kowane ɗigo nasa mita 30 ne sau 30, murabba'in mita 900, kusan fuloti biyu na ƙafa 50 sau 100. Na Sentinel-2 mita 10 ne sau 10. Itacen nan namu mai inuwar murabba'in mita 64 bai cika ɗigo ɗaya ba ko a na biyun, ballantana dashen bara. Taswirar dazuzzukan duniya da ake yawan ɗaukowa daga intanet da Landsat aka yi ta, don haka garin da itatuwansa ke warwatse zai iya fitowa a cikinta kamar fako. Sai a 2020 Martin Brandt na Jami'ar Kofanhegan da abokan aikinsa suka yi amfani da hotuna masu kaifin rabin mita, suka ƙirga itatuwa fiye da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel, inda taswirori da dama ke nuna kusan babu. Kafin kwamfuta ta iya wannan, sai da Brandt ya zana kusan itatuwa dubu 90 da hannunsa ya koya mata.

Sannan akwai yaudarar lokaci. Hoton watan Agusta, in ma gajimare ya bari an gani, komai kore ne: gero da dawa da tafasa da ciyawar bola duk za su shiga lissafin itatuwa. A daidai lokacin kuma gawo ya zubar da ganyensa, domin shi da rani yake yin ganye. Hoton watan Fabrairu zai nuna gawo, ya ɓoye kuka da ta tuɓe, ga kuma hazo. Babu wata guda da zai nuna duka. A Google Earth a duba kwanan watan da ke ƙasan hoto kullum. Sau da yawa gabashin gari hoton wata shekara ne, yammacinsa na wata. Idan za a gwada shekara da shekara, a gwada rani da rani. Amfanin hoton da na fi yarda da shi biyu ne: a buga shi babba a raba wa rukunoni don kada su shiga yankin juna ko su bar lungu, sannan a ja shi baya a ga yadda filin makaranta ko bakin kududdufi yake shekara goma da suka wuce.

Filaye

Nan ne rigima take, nan ne kuma ake bukatar haƙuri. Kowane fili yana da iyaka uku: wadda ke takarda, wadda dattawa suka sani, da wadda ido ke gani yau. A rubuta dukkansu, kowacce a gurbinta, tare da inda aka samo ta. Kada mai ƙidaya ya zaɓi ɗaya ya mai da kansa alƙali. Dokar filaye ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izininsu na gargajiya, amma filayen jama'a da yawa a garuruwa irin namu ba su da takarda ko ɗaya, kyauta ce ta baka ko waƙafi da shaidunsa ke ta raguwa. A zauna da waɗanda suka rage, a taka iyakar tare da su da maƙwabtan filin, a ɗauki lambobin kowace kusurwa, a rubuta ranar. A unguwannin awon igiya da ba a ware wa jama'a komai ba, wannan ma bayani ne, a rubuta shi.

Idan an sami tsohuwar taswirar safiyo, kada a ɗora ta kai tsaye kan lambobin waya. Tsofaffin awon Najeriya bisa ma'aunin Minna aka yi su, waya kuwa da ma'aunin duniya na WGS84 take aiki, kuma bambancinsu kan kai mita gommai. Ya isa ya sa katangar bawan Allah ta bayyana a tsakiyar filin makaranta, a zarge shi da abin da bai yi ba. A kai wa safiyo ya daidaita. Haka eka da hekta: hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce, mutane kuma na furta su kamar abu ɗaya. A tsaya a murabba'in mita.

A gaban kowane fili a rubuta wa ke iya shiga, kuma yaushe. Harabar da aka katange aka sa maigadi tana sanyaya unguwa, amma ba wurin hutun jama'a ba ce. Maƙabarta ma haka. Wanda ya tara su duka ya raba da yawan jama'a zai sami adadi mai daɗin ji wanda ba ya nuna komai. Yawan jama'ar ma daga ina? Ƙidayar ƙarshe a Najeriya ta 2006 ce, wadda aka shirya a 2023 an ɗage ta, duk abin da ake faɗa yau hasashe ne. Akwai adadin murabba'in mita 9 ga kowane mutum da ake yawan jingina wa Hukumar Lafiya ta Duniya. Ban ba da shawarar a gina shiri a kansa ba. Ma'aunin da Cecil Konijnendijk ya kawo a 2021 ya fi kusa da abin da ƙafa za ta iya tabbatarwa: mutum ya hangi itatuwa 3 daga gidansa, rassa su rufe kashi 30 cikin ɗari na unguwarsa, kada tazararsa da filin jama'a ta wuce mita 300. Kashi 30 zai yi wa ƙasa mai damina wata huɗu nauyi, amma na farko da na uku ana iya duba su gida-gida, unguwa-unguwa, ba tare da jiran ƙidayar ƙasa ba.

Dashe da abin da ya rayu

Adadin da aka fi yaɗawa shi ne wanda ya fi kowanne rauni: an dasa dubu kaza. Sau da yawa ma adadin da aka ɗauko daga gandun rainon itatuwa ne, ba wanda ya shiga rami ba. Tsakanin Agusta da Mayu akwai awaki, da gara, da wata bakwai ko takwas ba ɗigon ruwa. Saboda haka kowane dashe a buɗe masa layi huɗu: nawa aka karɓo, nawa aka dasa, nawa ke raye a ƙarshen rani na farko, nawa a ƙarshen na biyu. A ce an dasa 200 a harabar makaranta, Afrilu ya yi aka tarar da 70, to kashi 35 cikin ɗari ne suka rayu, haka za a rubuta. Idan damina ta dawo aka cike gurabun 130, a rubuta su a matsayin cike gurbi. Wanda ya tara 200 da 130 ya ce an dasa 330 ya ƙirga rami ɗaya sau biyu. Haka idan ƙungiya ta kawo dashen, hukuma ta kawo shinge, makaranta ta yi ban-ruwa, kowa ya sa su a rahotonsa: lambar fenti ko ta jikin shinge ita ce za ta nuna cewa itatuwan ɗaya ne.

Ina roƙon shugabanni da masu ba da tallafi kada su hukunta wanda ya kawo ƙaramin adadi. Ranar da aka ci mutuncin malamin da ya ce 70 suka rayu, an koya wa sauran su riƙa cewa 190. Dalilin mutuwar shi ne abin nema: in akuya ce, kuɗin baɗi ya tafi shinge, in ƙishirwa ce, a dasa kaɗan kusa da famfo, a damƙa kowanne ga mutum sananne, mai shago ko ladan ko wani aji.

Bayan an gama zagaye, wani rukuni daban ya koma ya sake auna ɗaya cikin kowane goma, waɗanda aka zaɓa da ƙuri'a, ba tare da ya ga amsar farko ba. Idan saɓanin ya yi yawa a wata unguwa, a sake ta gaba ɗaya. Da yamma kuma a riƙa karanta abin da aka shigar a ranar, tun ana tuna wurin: zogale mai kewayen santimita 400 kuskuren yatsa ne, gyaransa yau minti ɗaya ne. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare ko na jami'ar jiha da ke Gaɗau za su iya wannan dubawa, su kuma ɗora bayanan a taswira da manhajar QGIS, wadda ita ma kyauta ce.

Littafin a yi shi kwafi uku: na takarda a wurin dagaci, ɗaya a sashen gona na ƙaramar hukumar Katagum, ɗaya a kwamfuta wanda aƙalla mutum uku ke iya buɗewa, don kada canjin wurin aiki ko ɓatan wayar mutum ɗaya ya tafi da wahalar gari guda. A liƙa shafin ma'anoni a bangon farko. Itacen da ya faɗi ko aka sare ba a goge shi; a ja layi, a rubuta rana da dalili da wanda ya shaida.

Lokacin fita shi ne tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, kafin ruwan farko, daga bayan asuba zuwa hantsi. A lokacin ne dashen da zai mutu ya riga ya mutu, gonakin gefen gari ba shuka, manoma kuma ba su shiga aiki ba. Kuka da sauran masu zubar da ganye a kankare ɗan ɓawon ƙaramin reshe da farce: in cikinsa ɗanye ne, tana raye. Baɗi a dawo a makon da aka fita bana, da sandar nan ta mita 1.3 da jerin sunayen nan, a fara daga lamba ta ɗaya.